Yadda Injin Niƙa Ya Bar Ƙofar Gidanmu

Ku 'ya'yana, akwai maganar da na daɗe ina jin kuna yi ƙasa-ƙasa idan kun ɗauka ba na kusa. Wai Baffanku Sale ya ga ina fama da ciwo ya kwashe injin niƙa daga ƙofar gidanmu, wai shi ya sa har yau ba ya shiga ɗakina sai ranar Juma'a, sauran ranaku sai dai ya tsaya a bakin zaure mu gaisa daga nesa. Ban ga laifinku ba. Abin da idonku ya gani ke nan kuna ƙanana, mutanen gari kuma suka ƙara muku gishiri. Yanzu da ƙarfi ya fara ja baya, gara in faɗa muku da bakina yadda aka yi, kada in tafi in bar ƙanena da laifin da bai yi ba.

Manyanku sun san injin, ƙananan kuwa sai labari. Yana cikin wata rumfar kwano da na kafa a jikin katangar gidanmu a Sandamu, ƙofarta na kallon hanya. Da shi na yi aure, da shi na gina ɗakunan da kuka tashi a ciki. Da sassafe nake tayar da shi, in ba lokacin salla ba ba na kashewa sai magariba. In na fito daga rumfar nan fari fat nake, gira da gemu da cikin kunne duk gari. Iya, kakarku, da yake ni ne ɗanta na fari ba ta faɗin sunana, to da na sayi injin sai ta samu mafita, ta koma kirana Mai Inji, gari duka ya ɗauka. Tarin kuwa ban san ranar da ya fara ba. A hankali ya zo, da farko sai da yamma, daga baya ya zama abokin zama. Ƙirjina ya riƙa kuka kamar an sa usur a ciki, musamman in na wuni ina niƙa dawa. Iya ta ce fuka ce, ƙanen babanta ma ya yi ta. Ba abin da ba ta haɗa mini ba: zuma da tafarnuwa, man habbatus sauda, citta da kanumfari. In abin ya matsa sai in aika kemis a sayo mini wasu 'yan ƙwayoyi, in sha, hannuna ya yi ta rawa, ƙirjin ya ɗan saki, in koma bakin aiki. Asibiti bai taɓa zuwa mini a rai ba. A ganina asibiti na wanda ya kasa tashi ne, ni kuwa kullum a tsaye nake.

Ranar da abin ya faru ana jiran ganin watan azumi ne. Duk mai inji ya san irin wannan rana. Kwanuka da bokitai sun yi layi tun daga bakin rumfa har gefen titi, geron kunu da dawar tuwo da masara. Da hantsi aka kawo barkono da citta daga wani gida da aka yi haihuwa, za a yi yajin jego. Na saba barin kayan yaji sai ƙarshen aiki, amma mai jego ba a sa ta jira, sai na zuba. Ban kai rabi ba na ji kamar an zagaye ƙirjina da igiyar guga an ja. Na yi tari, tarin bai fita ba. In na ja iska tana shiga kaɗan, amma fitar da ita ya gagara. Na miƙa hannu zan kashe inji, ƙafata ta ƙi kai ni. Na durƙusa na dafa wani buhu.

Uwarku Rabi ce ta fara ganewa daga cikin gida. Injin da ke niƙa da injin da ke juyawa ba komai a cikinsa kukansu ba ɗaya ba ne, ita kuma shekara da shekaru tana jin su ta bayan katanga. Sai ga ta a rumfa ko mayafi babu, matar da ba ta taɓa leƙa ƙofar gida da rana ba. Ita ta kashe injin, ban ma san ta iya ba. Ta ce a kira Sale, wanda a lokacin acaba yake yi a tasha. Da ya iso aka ɗora ni a bayansa.

“Yaya, riƙe ni da kyau,” in ji shi.

Hannuna ya kasa. Rabi ta ruga cikin gida ta ɗauko zanen goyo, ta ɗaure ni a bayan Sale kamar jariri, wani maƙwabcinmu ya hau baya ya tallafe ni. Daga hanyar nan ba abin da nake tunawa sai gumin bayan Sale da muryarsa. Tun ba mu bar gonakin Sandamu ba yake cewa, “Yaya, ga Daura nan, mun iso, mun iso.”

A ɗakin gaggawa na asibitin Daura, wata nas ce ta tare mu, mace mai jiki, sa'ata ko ta ɗan girme ni, 'yar cikin birnin Daura. Sista Talatu ake ce mata. Sale na ƙoƙarin kwantar da ni a gado ta daka masa tsawa.

“Kada ka kwantar da shi! Zaunar da shi, ya ɗan sunkuyo gaba. Malam, yaya sunanka?”

Na buɗe baki, rabin sunan kawai ya fita. Daga baya ta gaya mini ba sunan take nema ba, so take ta ji ko kalma nawa zan iya faɗa kafin numfashi ya yanke. Ta maƙala mini wani ɗan abu a yatsa mai nuna yawan iskar da ke cikin jini, ta rufe mini hanci da baki da wata roba mai tiyo. Aka zuba magani a ɗan kofin da ke jikinta, wani farin tururi ya fara tashi ina shaƙa. Likita ya zo, saurayi ne da bai wuce sa'ar babban yayanku na yanzu ba, ya saurari ƙirjina gaba da baya, ya sa aka yi mini allura a jijiya. Tururin nan ya ƙare aka sake zubawa, ya ƙare aka sake. Can na ji igiyar ta fara sassautawa. Na ja iska ta shiga, na fitar ta fita. Wallahi ban taɓa sanin iska tana da daɗi ba sai ranar.

Kafin azahar na dawo mutum. Rabi ta iso a motar haya, idonta ya yi ja. Na sauko da ƙafa ina neman takalmina, don hankalina duk yana kan kwanukan mutane da na bari a rana, ga azumi a bakin ƙofa. Sista Talatu ta hango ni.

“Ina zuwa, Malam Hamisu?”

“Gida, Sista. Allah ya saka da alheri, na warke.”

“Ba ka warke ba, sauƙi ka samu. Likita ya ce a kai ka ɗakin can na gefe mu sa maka ido.”

“Kwantar da ni za a yi?”

“Ba kwantarwa ba ce, ba kuma sallama ba ce. Ɗaki ne na masu jira. In ƙirjin ya tsaya a buɗe ka tafi gida, in ya sake rufewa ya same ka a hannunmu.”

Na ce mata ni mai sana'a ne, kayan mutane na jirana. Ta jawo kujera ta zauna a gabana, abin da ban zata ba, don ɗakin cike yake da marasa lafiya. Ta ce tururin da na shaƙa buɗe hanyar iska yake yi nan take, amma ƙarfinsa ba ya daɗewa. Allurar ita ce ke sauke kumburin da ke ciki, ita kuma ba ta fara aiki da wuri. Tsakanin ƙarewar wancan da farawar wannan akwai rami, a nan mutane ke faɗawa, yawanci a kan hanyar komawa gida ko a tsakar ɗakinsu. Na ji ta, amma ban yarda ba. Na juya wajen Sale na ce ya tayar da babur.

Sale bai taɓa yi mini musu ba tun yana yaro. Ranar ya sunkuyar da kai ya ce, “Yaya, ka yi haƙuri, ba zan ɗauke ka ba. Ni na ji yadda kake a bayana.”

Rabi kuwa ta sunkuya. Takalmina kawai ta ɗauka ta sa a cikin jakarta, ta rungume jakar.

Haka aka kai ni ɗakin ina fushi da su duka. Ƙaramin ɗaki ne, gadaje kaɗan, an ɗaga kan kowanne, ga tukunyar iska a gefe, tebur ɗin nas kuma a inda take ganin fuskar kowa. Ba a bar ni na huta ba. Jim kaɗan Sista Talatu ta zo ta duba abin yatsa, ta ƙirga numfashina tana kallon agogon hannunta, ta miƙo mini wani bututu ta ce in cika ƙirji in hura da dukkan ƙarfina, wata 'yar alama ta matsa a jikinsa. Ta tafi, ta dawo, ta sake. Har na ce mata ko awon hatsi ba a yi masa irin wannan naci. Ta yi dariya ta ce hatsi ba ya canza nauyi tsakanin azahar da la'asar, ƙirji kuwa yana canzawa.

Ana gab da la'asar abin ya dawo. Ban ma fara ji ba ita ta gani. Na hura bututun, alamar ba ta kai inda take kaiwa ba, ta dube ni ta ce in karanta mata Fatiha. Na yanke a tsakiyar aya. Kafin ta gama haɗa tururi ƙirjin ya rufe, rufewar da ta fi ta safe. Kukan usur ɗin ma ya ɗauke. Rabi ta ce, “Alhamdu lillahi, Sista, kukan ya daina.” Sista ba ta amsa mata ba, da gudu ta fita kiran likita. Ashe shirun nan shi ne mafi muni, iskar da za ta yi kukan ce babu. Na ga fuskar likita a kaina, na ga an rataya ledar ƙarin ruwa an zuba wani magani a ciki, na ji Sale a bakin ƙofa yana ta salati da ƙarfi. Hannun Sista na kan kafaɗata.

“Malam Hamisu, kalle ni. Kada ka yi kokawa da shi. Fitar a hankali, kamar mai hura kunu. Muna nan, ba inda za mu.”

Na riƙe muryar nan kamar igiya. Ban san tsawon lokacin da aka ɗauka ba. Abin da na sani, da na dawo hayyacina rana ta yi sanyi, kukan ƙirjin ya dawo, kowa a ɗakin yana murna da jin sa. Na yi lissafi a raina: da Sale ya bi umarnina, da a daidai wannan lokaci ina cikin rumfa, injin na juyawa, ba tururi ba likita. Na nemi hannun Sale na riƙe.

A ɗakin na kwana. Washegari, ranar farko ta azumi, likita ya zauna a bakin gadona ya tambaye ni sana'ata, ko da yake ya ce tun jiya ya ga amsar a cikin kunnena. Ya ce in tuna ko akwai lokacin da ƙirjin ke yin sauƙi da kansa. Sai na tuna wata shekara da wani ƙarfe ya karye a injin, na yi kwanaki ina nemansa har Kongolam. Duk kwanakin nan ban yi tari ba, har Iya ta ce zumarta ce ta kama.

“Baba, ba zan ɓoye maka ba,” in ji shi. “Asma ce, abin da kuke kira fuka, kuma garin da kake shaƙa ne ke tayar da ita. Magani zai taimake ka sosai. Amma muddin kana cikin rumfar nan, za mu sake ganinka, kuma ban san ko za ka iso da wuri kamar jiya ba.”

Ba su sallame ni ba sai da aka daɗe ba a sa mini tururi ba ƙirjin bai rufe ba, na taka baranda na dawo ina magana ba yankewa. Sista Talatu ta kawo magungunan shaƙa guda biyu, shuɗi na lokacin da abin ya taso, mai ruwan ƙasa na kullum safe da yamma ko da lafiyata ƙalau. Ta huda gindin wata gorar ruwa ta roba ta soka maganin a ciki, ta nuna mini yadda zan fesa in shaƙa ta bakin gorar a hankali, sannan in kurkure baki. Ta sa na yi a gabanta har ta gamsu, ta sa Rabi ma ta koya. Ta ce na kullum ɗin in mayar da shi sahur da buɗa-baki, in kuwa ƙirji ya rufe da rana kada in tsaya jiran magariba, sauran bayani in tambayi malamai. Ta ce in na shaƙi shuɗin bai yi aiki ba, ko na kasa gama magana, ba shawara, a kawo ni.

A gida Iya ta ga gorar ta tafa hannu.

“Mai Inji, abin nan aka ba ka? An ce wanda ya fara shaƙarsa ba ya bari har ya mutu.”

“Iya,” in ji Rabi, “abinci ma ai ba a barinsa. Ni na ga abin da na gani jiya.”

Ban taɓa jin ta mayar wa Iya magana ba sai ranar, Iya kuma ba ta yi fushi ba. Bayan 'yan kwanaki ita da kanta ke leƙowa da asuba tana tambaya ko an shaƙi na safe.

Sale ne ya niƙa kwanukan da na bari, ya ajiye babur ya riƙe rumfar duk azumin. Bayan salla na ce zan koma. Na sayi takunkumi na rufe hanci, na sa aka yanke taga a bayan rumfa. Ban yi nisa ba tarin ya dawo, shuɗin maganin da nake daɗewa ban taɓa ba ya koma kullum yana hannuna. Ko ban shiga rumfar ba, garin yana tsallako katanga ya sauka a kan shanya da tabarma. Wata rana da yamma na ga Rabi ta tsaya cak a tsakar gida da muciya a hannu, ta kasa kunne wajen rumfa. Na tambaye ta, ta ce tun daga ranar nan haka take wuni, tana sauraron ko kukan injin zai canza. A nan na yanke shawara. Na kira Sale na ce ya ɗauke injin ya kai bakin tasha ya riƙe. Ya ƙi. Ya ce mutane za su ce ya ci gadon yayansa da rai, kuma shi babur ɗinsa yake so, yana son iska da hanya, ba zaman rumfa ba. Sai da Iya ta sa baki ta ce umarni ne sannan ya karɓa, yana hawaye. Abin da ya ji tsoro kuwa shi ya faru, aka faɗa, har ya zo kunnenku.

Kada ku ɗauka abin ya zo mini da sauƙi. Ranar da aka ɗora injin a amalanke ban fito ba. Gidan ya yi shiru irin wanda ban saba ba, na rasa inda zan sa kaina. Na koma sayar da butoci da bokitan roba a gefen hanya, ina zaune mutane na wucewa suna cewa sannu Mai Inji, sunan na yi mini zafi. Samu ya ragu, kun san shekarun da aka daina yi muku ɗinki biyu da salla. Uwarku, da niƙanta bai taɓa bin layi ba, ta koma aikawa tasha kamar kowa, ko da yake Sale bai taɓa bari kwanon gidan nan ya jira ba, kuma tuwon da kuka ci a shekarun nan rabinsa daga guminsa ne. Tsayuwar da yake yi a bakin zaure kuwa, ni da shi muka ji Sista a asibiti ta ce ƙurar gari a jikin tufafi ma tana tayar da ciwon. In ya taso daga aiki fari fat, ba ya yarda ya matso kusa da ni, sai ya tsaya can ya tambayi ƙirjin. Ranar Juma'a da ba ya buɗe inji, ya yi wanka ya sa wankakkun kaya, ita ce ranar da yake shiga ɗakina mu ci abinci kwano ɗaya. Shekarun nan duka bai taɓa mantawa ba. Ku je ku gaishe shi yadda ya kamata.

Da kaka ta zagayo, na ɗauki sabon gero a ɗan buhu na tafi Daura in yi wa Sista Talatu godiya. Na same ta a ƙofar ɗakin nan na masu jira, tana fama da wani mutum dogo, manomi daga wajen Zango, ya riga ya tayar da babur ɗinsa a bakin baranda. Matarsa ce a ciki, an sa mata tururi ta samu sauƙi, shi kuma ya bar gyaɗa a shanye a gona, yana so su kama hanya. Sista ta gan ni, ko gaisawa ba mu gama ba ta karɓi buhun ta ajiye a bayan ƙofa.

“Malam Hamisu, Allah ne ya kawo ka. Ni ina da masu jirana a ciki. Ga benci nan, gaya wa bawan Allahn nan abin da ya same ka.”

Na zauna. Mutumin bai zauna ba, yana tsaye hannunsa a kan babur, injinsa na ta kaɗawa. Na ba shi labarin tun daga barkono har zuwa la'asar, ban rage ba ban ƙara ba. Da na kai inda kukan ƙirji ya ɗauke uwarku ta yi hamdala, sai na ga ya saki hannun babur ɗin.

“Yanzu ita ma tana iya sake rufewa?” in ji shi.

Na ce, “Allah ne masani. Amma in za ta rufe, a ina kake so ta same ta?”

Ya dubi ƙofar ɗakin, ya dubi hanya. Sannan ya kashe babur, ya zare makulli ya sa a aljihu, ya ce in ɗan matsa masa.